Great Circle Mapper: na gwada shi a kan Kano zuwa Jidda

Shafin Great Circle Mapper kyauta ne, ba sai an yi rajista ba, kuma babban aikinsa shi ne: ka rubuta lambobin filayen jirgi biyu da ɗan layi a tsakaninsu, ya zana maka hanya mafi kusa a kan taswira. Na rubuta KAN-JED, ya ba ni kimanin kilomita 3,400. Wajen auna nisa ban ga aibunsa ba.

Amma a kula da lambar. Ta filin Malam Aminu Kano ita ce KAN. Wanda ya yi cinke ya sa KNO, to ya tafi Medan ta Indonesiya, kuma shafin ba zai ce masa uffan ba. Haka ma ma'auni: da mil yake fara lissafi, sai ka sauya da kanka. Mil ɗaya kilomita 1.609 ne, mil ɗin ruwa da matuƙa ke amfani da shi kuwa 1.852.

Inda yake ruɗar mutane shi ne lokaci. Idan ka sa masa gudun kilomita 850 a awa, zai ce awa huɗu. Wannan rabawa ce kawai irin ta ɗan makaranta. Bai san da gangarawar jirgi zuwa titin tashi ba, ko hawa da sauka, ko jiran izini a sararin Jidda lokacin aikin Hajji, balle iska, wadda ke sa zuwa da dawowa su bambanta. Sai ka ƙara aƙalla rabin awa. Sannan layin da yake zanawa ta Chadi da Sudan yake bi kafin ya tsallaka Bahar Maliya. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 an rufe sararin samaniyarta, jiragen alhazai suka riƙa zagaye, tafiyar ta ƙara tsawo sosai. Taswirar shafin ba ta san da wannan ba.

Agogon Saudiyya yana gaban na Najeriya da awa biyu, tikiti kuma da lokacin kowane gari ake rubuta shi. Tashi ƙarfe 2 na rana, sauka ƙarfe 9 na dare, awa biyar ke nan, ba bakwai ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne yada zango. KAN-CAI-JED, wato bi ta Alƙahira, ya kai kimanin kilomita 4,300, ƙarin wajen 900 ke nan, ban da zaman jira. Mai kwatanta tikitin Umara zai amfana da wannan. Mai son sanin ƙarfe nawa zai je tarar baƙonsa a filin jirgi kuwa, ya duba lambar jirgin a Flightradar24, shafin bibiyar tafiyar jirage, ya ga tsawon tafiyarsa a kwanakin baya.