DRBD da LVM wajen yin bakof ba tare da kashe saba ba, ga yadda na same su

Duk mai kula da saba ya san ciwon kan nan, kana so ka kwashe bayanai ka ajiye gefe amma mutane na kan aiki, ba damar ka ce a tsaya. Toh haɗin da nake amfani da shi DRBD ne a saman LVM, wato tsarin Linux na rarraba diski zuwa sassa, kuma gaskiya ya biya ni, sai dai akwai wuraren da in ba ka sani ba zai ba ka wahala sosai.

DRBD ɗin manhaja ce ta kamfanin LINBIT da ke Biyana a Ostiriya, lambarta a buɗe take, kuma tun fitowar kanel 2.6.33 a 2010 take cikin Linux. Aikinta ɗaya ne, duk abin da aka rubuta a diskin babbar saba sai ta tura shi ta netwok zuwa diskin saba ta biyu, wato mataimakiya. A cikin hanyoyinta na turawa, in ka zaɓi Protocol C ba za a ce wa manhajarka rubutu ya kammala ba sai ya sauka a diskin biyu, Protocol A kuwa ba ya jiran ɗaya ɓangaren, ya fi sauri amma in babbar ta mutu kwatsam kana iya rasa ɗan abin da ke kan hanya. A nan kam ban da ƙorafi, tana yin aikinta tsaf.

Amma don Allah a daina kiran wannan bakof. Wannan ne abin da ya fi damuna, sai ka ji mutum ya ce ai ina da kwafi biyu hankalina a kwance yake. Madubi ne fa kawai, in wani ya goge fayil bisa kuskure ko ransomware, muguwar manhajar neman kuɗin fansa, ta kulle bayanai, nan take ɓarnar za ta bayyana a diski na biyun ma, DRBD ba ta san rubutu mai kyau da marar kyau ba, turawa kawai take. Kariyarta daga mutuwar diski ce ko mutuwar saba, ba za ta dawo maka da abin da ya kasance jiya ba.

Abin da ke fara ɗaure wa sabon shiga kai shi ne mataimakiyar ba ta buɗuwa, ko karantawa kawai kake so ba za ta bari ba muddin tana matsayin Secondary. Da hujja, don bayanan na canzawa a ƙarƙashi, in ka buɗe shirme za ka karanta. Wasu sai su cire haɗin netwok ɗin su kwafe sannan su mayar, yana yi, amma duk tsawon lokacin nan babbar saba ita kaɗai ce ba mai tare mata baya, ni dai ban yarda da wannan hanya ba sam.

Inda LVM ya shigo ke nan. Ka sa DRBD ta zauna a kan logical volume, wato sashen diski da LVM ya ware, sai a mataimakiyar ka ɗau hoton diskin, wato snapshot, kwafin yadda bayanan suke a wannan lokacin, da lvcreate -s, cikin ƙiftawar ido ya gama, hoton ya tsaya cak a wannan lokacin ita kuma DRBD tana ci gaba da karɓar rubutu abinta. Ka buɗe hoton, ka ja bayanan da rsync ko BorgBackup ko restic zuwa wani waje daban, ka gama ka goge shi da lvremove. Duk karatun mai nauyi a diskin mataimakiya ake yinsa, ba a diskin babbar saba ba. In ka zaɓi DRBD ta ajiye nata bayanan lissafi (metadata) a cikin diskin kansa, a ƙarshen diskin suke zama, shi ya sa hoton ke buɗuwa lafiya, sai dai wani lokaci mount zai ce bai gane irin diskin ba, ka faɗa masa da kanka da -t ext4 ko -t xfs.

Yanzu wuraren tuntuɓe. Kafin ka ɗau hoto ka duba drbdadm status ka ga UpToDate, in ka ga Inconsistent tana tsakiyar daidaita kanta ne, hoton da ka ɗauka a lokacin ba shi da amfani ko kaɗan, kuma LVM ba zai gargaɗe ka ba, don haka ka sa wannan binciken cikin sikirif ɗinka. Sannan tsohon salon hoton LVM, in wurin da ka ware masa ya cika, lalacewa yake gaba ɗaya, ka bar masa wuri isasshe kana leƙawa da lvs. Kuma muddin hoton na nan rubutu na ƙara nauyi, da yake Protocol C na jiran mataimakiya, jinkirin har babbar saba yake kaiwa, kar ka bar hoto ya kwana. Thin pool, sabon salon LVM da ke ba da wuri gwargwadon buƙata, ya fi sauƙi ta wannan fannin.

Sai rumbun bayanai (database), wanda nan ne zan ɗan daɗe. Hoton nan daidai yake da diskin da wuta ta ɗauke masa ba shiri, abin da ke cikin memori bai sauka ba babu shi. PostgreSQL zai farfaɗo da kansa daga WAL, kundin da yake fara rubuta kowane canji a ciki, InnoDB na MySQL ma haka daga nasa kundin, da sharaɗin bayanan da kundin duk suna kan diski ɗaya da aka ɗauka lokaci guda. Teburan MyISAM, tsohon salon ajiya na MySQL, kuwa ba su da wannan gatan, sai ka yi FLUSH TABLES WITH READ LOCK a babbar saba, ka bar haɗin a buɗe har a ɗau hoton sannan ka saki. Akwai fsfreeze ma, umarnin da ke dakatar da rubutu a diski, tsaikon 'yan daƙiƙu ne, amma ka tabbata sikirif ɗin zai saki ko da wani mataki ya gaza, in ba haka ba komai zai tsaya cik yana jira.

Wa zan ba shawarar ya ɗauka? Wanda ya saba da layin umarni kuma zai zauna ya rubuta sikirif ya gwada dawo da bayanan a wata na'ura ya ga rumbun ya tashi. Mai neman maɓalli ɗaya da zai danna ya tafi, wannan haɗin zai gajiyar da shi, gara ya duba ZFS, wani tsarin ajiye fayiloli, da zfs send ɗinsa, can hoton da turawar duk a wuri guda suke.