Mustang Ko Miata: Amsa Daga Michigan Ga Tambayar Yaya

Assalamu alaikum Yaya. Ina fata su Hajiya da yara duk suna lafiya.

Ka ce in duba maka motocin gudu masu saukin kudi da matasan nan Amurka ke saye. Rigimar tasu gida biyu ce. Akwai masu son mota mai katon inji da ruri, wato su Ford Mustang, wadda ake harhadawa a garin Flat Rock, nan kusa da Detroit. Akwai kuma masu son 'yar karama marar nauyi daga Japan, Mazda Miata ko Toyota GR86. Sabuwa dal, kowacce farashinta yana farawa ne wajen dala dubu 30 da 'yan kai, shi ya sa suke cin kasuwa daya.

A takarda Mustang ta yi musu fintinkau. Mafi arharta tana da karfin doki 315, GR86 na da 228, Miata kuwa 181 kacal. Sai dai Mustang ta haura kilo 1,600, Miata ko 1,100 ba ta kai ba. A mikakken titi Mustang za ta bar su da kura. Amma idan aka shiga hanya mai kwana-kwana, Miata tana bin sitiyari kamar ta san abin da ke ranka, birki ma ba ya wahala.

Ga abin da bai yi mini dadi ba. Mustang din da mai karamin karfi zai iya saya filogi hudu ce mai tarbo, kuma tun samfurin 2024 atomatik kadai ake yin ta. Mai filogi takwas, wadda rurinta ya yi wa Mustang suna tun 1964, sai ka kara fiye da dala dubu 10. Kenan matashi suna yake saya da siffa. Miata da GR86 kuwa har gobe ana samun su da giyar hannu, kuma ni can zuciyata ta karkata. An ma daina kera kishiyoyin Mustang na Amurka, wato Camaro da Challenger, Mustang ce ta rage a fagen.

Duk da haka Mustang ta fi shiga a wurin mutanen nan, kuma ban ga laifinsu ba. Hanyoyinsu dogaye ne, su ma ba kanana ba ne. Miata kujera biyu gare ta, but dinta da kyar yake cin akwati daya. Dogon mutum irinka gwiwarsa za ta rika dukan dashbod.

Batun kawowa gida kuwa, Yaya, ka yi hakuri ka dakata. Dukkansu a kasa suke, ramukanmu da tudun rage gudu za su cinye musu ciki, ga wahalar kayan gyara. Motar Michigan ma sai an leka karkashinta tukuna, domin gishirin da ake watsawa a titi lokacin kankara yana cin karfe. Idan kana da mai saye a hannu, fada mini wacce yake so, in nemo ta daga jihohin kudu irin su Texas.

A gaida Hajiya.