Downton Abbey ko Upstairs, Downstairs?

Wallahi an dame ni da tambayar wanne za a fara kallo cikin waɗannan wasannin talabijin biyu na Birtaniya, to ga yadda na gan su.

Upstairs, Downstairs shi ne tsohon, tashar ITV ta nuna shi 1971 zuwa 1975, kashi 68, iyalan Bellamy ne a gidansu na Eaton Place a Landan, masu gida a sama ƴan aiki a ƙasa wajen kicin. Hoton ya tsufa kam, wasu na farko ma baƙi da fari ne, kuma kusan komai a ɗaki ake yi, amma hirar ƴan aikin nan tana da nauyi sosai, za ka ji yadda talaka ke haɗiye magana gaban mai gida.

Downton kuwa 2010 ya fito, kashi 52, an ɗauka a Highclere Castle, wani katafaren gida a Ingila, ya buɗe da labarin nutsewar Titanic a 1912. Kaya, motoci, ga tsohuwar nan Maggie Smith da baƙar magana! Sai dai a ganina ya ɗan yi wa masu kuɗin kwalliya. Shi ya fi sauƙin samu ma.

In kwalliya da saurin labari kake so, kama Downton. Mai haƙuri da ke son zurfin hira, tsohon ne nasa.