Ƙugu na kai, wuya aka murɗe mini

Da a ce ranar da na fara zuwa wurin mai danna ƙashin bayan nan na rubuta wannan sharhi, da ba abin da za ku karanta sai yabo. Sati uku ina sallah a kan kujera, ruku'u ya gagare ni balle sujada, amma a ranar da goshina a ƙasa na yi la'asar. Har ƙwalla sai da na share.

Ƙwallo ce ta ja mini. Muna da ƙungiyar dattijai da ke haɗuwa duk safiyar Asabar a nan Abuja, yawancinmu mun haura 40, tumbi ya fito amma zuciya na ce mana da sauranmu. Aka ɗago mini wata ƙwallo, na juya zan ɗauke ta da ƙafar hagu, sai na ji kamar an kafa mini ƙusa a ƙugu. Da ɗingishi na ƙarasa wasan, washegari kuwa wando ma a zaune na sa shi. Na bi hanyar da kowa ke bi, Aboniki, gashi da ruwan zafi, sai diclofenac daga kemis har ya fara tayar mini da gyambon ciki. A masallaci wani ya ce in je a yi mini ƙaho, wani ya ce mai ɗori. Ni kuwa na san ban karye ba, ƙashi bai goce ba, to me za a ɗora?

Mai tsaron gidanmu ne ya haɗa ni da su, masu aikin nan da kuke gani a TikTok suna lanƙwasa mutum ƙashinsa na ƙara ƙas-ƙas. Kairofirakta ake ce musu. Sunan wurin ba zan faɗa ba, kuɗin buɗe fayil kuwa wanda ya taɓa leƙa irin wuraren nan ya san ba na wasa ba ne.

Tsakani da Allah, zuwan farko ya burge ni. Bai taɓa ni ba sai da ya yi mini tambayoyi. Fitsari yana kufce maka? Bayan gida fa? Kana jin tsakanin cinyoyinka ya mutu? Ya ce da na amsa e a ɗaya daga ciki, da asibiti zai tura ni a take, don wannan alama ce ta an danne jijiyoyin ƙasan laka, kuma ba aikinsa ba ne. Ya kwantar da ni ya ɗaga ƙafata a miƙe, ya ƙwanƙwasa gwiwa da ɗan gudumar roba. Sannan ya juya ni a gefe, ya naɗe ƙafa ɗaya, ya dafa kafaɗa, ya danna. Ƙas! Na tashi na taka, sai na ji kamar an sauke mini buhun masara. A bango akwai hoton wani Bature mai dogon gemu, na tambaya, ya ce Palmer ke nan, wanda ya ƙirƙiro sana'ar a jihar Iowa ta Amurka a 1895. A raina na ce kowane ne shi, ya yi ƙoƙari.

A wannan zumuɗin na biya kuɗin zama 12 gaba ɗaya, wai da ragi. Uwargida ta ce, "Abban Amira, da ka bari ka ga kamun ludayinsa tukuna." Ban saurare ta ba.

Zama na uku ne ya ɓata komai. An gama da ƙugu, ina kwance rigingine ina jiran ya ce in tashi, sai ya zagayo ta wajen kaina ya tallafo ƙeyata da tafukansa. Na zaci tausa ce. Yana ta jan ni da hira, wai wace ƙungiya nake goyon baya, in saki jikina. Ina cikin ba shi amsa sai kawai ya fizge kaina zuwa dama. Ƙarar da na ji a cikin kunnena ba irin ta ƙugu ba ce, kamar an taka busasshen kara. Kafin in ce wani abu ya sake fizgewa zuwa hagu. Ban san sa'ad da na yi salati da ƙarfi ba. Na ce, "Likita, me ya kawo wuya a cikin maganar nan? Ƙugu na kawo maka." Ya yi dariya ya ce, "Alhaji, ai ƙashin baya guda ne tun daga ƙeya har ƙasa, in ba a gyara sama ba ƙasa ba zai zauna ba." Dariyar nan ta fi fizgar ɓata mini rai. Ko akuya za a yanka ai akan yi bisimilla a ji. Ba ka tambaye ni ba, ba ka gaya mini abin da za ka yi ba, kuma da gangan ka ɗauke mini hankali da hirar ƙwallo don kada in ƙanƙame wuya.

Na miƙe jiri na ɗibata. Sai da na zauna a mota kusan minti 20 kafin in iya tuƙi. Da dare wuyan ya sanƙare, waiwaye sai da jiki duka.

Ɗan yayata likitan gashin ƙashi ne, fisiyo, a Kano yake aiki. Na kira shi ina faɗa. Abin da ya fara tambaya shi ne, "Kawu, harshenka ya yi nauyi? Kana gani bibbiyu? Akwai ciwon kai mai tsanani ta ƙeya?" Na ce babu ko ɗaya. Ya ce to alhamdulillahi, amma duk wanda ya ɓullo a cikinsu kada in jira gari ya waye, in tafi asibiti. Ya yi mini bayani cewa ƙasusuwan wuya guda 7 ne, kuma akwai jijiyoyin jini biyu da ke ratsawa ta ƙananan ramukan gefensu suna kai jini ƙwaƙwalwa. Fizgar wuya, ko da yake ba kasafai ba, tana iya tsaga bangon jijiyar, abin ya kai ga shanyewar ɓarin jiki. Shi ya sa dole a gaya wa mutum kafin a yi, ya yarda ko ya ƙi. Da na kawo maganar ƙarar nan da ke sa mu jin an yi aiki, sai ya kwashe da dariya, ya ce iska ce kawai a cikin ruwan gaɓa, irin wadda kake ji in ka matsa yatsunka, ba ƙashi ne ya koma mazauninsa ba. Ya ƙara da cewa yawancin irin ciwon ƙugun nan cikin sati 6 yake lafawa in dai mutum bai kwanta ya daina motsi ba. Wannan ta ɗan rage mini girman Palmer.

Duk da haka ba zan ci haƙƙin mutumin ba. Sauƙin da na samu ranar farko ba mafarki na yi ba, kuma takardar motsa jikin da ya ba ni, jawo gwiwa zuwa ƙirji da ɗaga ƙugu daga kwance, ɗan yayan nawa ya duba ya ce daidai ce, in riƙe ta. Hannun mutumin ya iya ƙugu. Wannan kam na shaida.

Amma da na koma in ce a mayar mini da kuɗin sauran zama 9, nan wani ɓacin ran ya taso. Yarinyar da ke kan tebur ta ce ba a mayarwa, ta nuna mini wani ɗan ƙaramin rubutu a bayan katin da ba wanda ya karanta mini ranar da ake karɓar kuɗi. Shi kuma ya fito ya ce ƙafata ta hagu ta fi ta dama gajarta, in na tsaya a nan ciwon zai dawo, har ya soma cewa aikin nasu na taimaka wa hawan jini. Shekara 43 ina tafiya da ƙafafun nan tela bai taɓa yanka mini wando ƙafa ɗaya ta fi ɗaya ba. Maganin hawan jinina kuwa yana nan ina sha, ba wanda zai raba ni da shi da danna baya.

Na sake zuwa sau biyu don kada kuɗina su tafi a banza, kuma kafin in hau gadon nan sai na ce masa a gaban ma'aikaciyarsa, daga kafaɗa zuwa sama ba nasa ba ne. Ya kiyaye, ko da yake fuskarsa ba ta so. Sauran zama 7 suna nan a kan katin, katin kuma yana cikin aljihun mota. Asabar da ta wuce na koma fili, sun sa ni a baya, ba na juyi, ƙwallo ta zo in buga ta gaba kawai. Mai tsaron gidan ya tambaye ni ko ya tura wa wani lambar, na ce ya tura, amma ya gaya masa ya riƙe wuyansa.