Kafin ka biya kuɗin sabuwar bindigar da ake jira a Kanada

A dandalin mafarauta na Kanada, kusan kowace shekara sai an ji wani kamfani ya nuna hoton sabuwar bindiga mai ɗura wa kanta harsashi, ya ce tana tafe nan da 'yan watanni, mai so ya ajiye kafin alƙalami. Cikin masu leƙa irin wannan talla har da 'yan uwanmu da suka zauna a Alberta da Saskacewan da Manitoba, waɗanda suka yi kwas suka karɓi lasisin mallakar bindiga na PAL, suna son su fita farautar barewa idan kaka ta yi. Su nake wa wannan magana. Shawarata tun daga farko ita ce ka riƙe kuɗinka. A Kanada yau, kyan ƙira da ingancin ƙarfe ba sa tabbatar maka cewa bindigar da ka saya bana za ka iya fita da ita daji baɗi.

Dalili yana cikin abin da ya faru a shekarun nan. A watan Afrilun 2020 wani mutum ya kashe mutum 22 a Noba Skoshiya. Ranar 1 ga Mayu gwamnatin Justin Trudeau ta haramta samfuri wajen 1,500 a rana guda, ciki har da AR-15 da Ruger Mini-14, irin wadda aka kashe mata 14 da ita a makarantar Polytechnique ta Montiriyal a 1989. Ba ta majalisa aka bi ba, umarnin majalisar ministoci ne, kuma ya fara aiki nan take. Kamfanonin cikin gida suka ƙero wasu bindigogin da ba su cikin jerin, mutane suka saya da lasisinsu, ba a ɓoye ba. Ranar 5 ga Disamban 2024 aka ƙara samfuri 324, har da WK180-C da ake ƙerawa a Kanada, wadda ta yi kasuwa sosai bayan haramcin farko. Ranar 7 ga Maris na 2025 aka sake ƙara 179. Wanda abin ya shafa ba a kama shi ba, an ba shi wa'adin afuwa da aka yi ta ɗagewa, amma bindigar tana kulle a akwati: ba ya farauta da ita, ba ya kai ta filin gwaji, ba ya sayar wa maƙwabci. Sai jiran diyyar gwamnati, wadda ta ɗauki shekaru kafin a fara maganar biyanta ga ɗaiɗaikun mutane.

Ba na cikin masu ganin waɗannan dokoki wasa ne. Iyayen da aka kashe wa 'ya'ya ne suka daɗe suna nemansu, kuma kotun tarayya ta tabbatar da haramcin 2020 a hukuncinta na 2023. Amma mai saye ma yana da haƙƙin sanin inda yake zuba guminsa.

Abin da ya fi shafar bindigar da ba ta fito ba tukuna shi ne dokar C-21, wadda aka sa wa hannu ranar 15 ga Disamban 2023. Ta kawo ma'auni da ya fuskanci gaba kawai. Duk doguwar bindiga mai ɗura wa kanta, mai cin manyan harsasai irin waɗanda ake bugawa a tsakiyar gindi, wadda aka tsara ta da gidan harsashi mai cirewa da ke ɗaukar shida ko fiye, in dai daga wannan rana zuwa gaba aka tsara ta kuma aka ƙera ta, haramtacciya ce tun daga masana'anta. Wato sabuntar da ake yi maka talla da ita, ita ce ta jefa bindigar cikin wannan ma'auni. Shi ya sa masu ƙira suka koma yin gidan harsashi na musamman mai cin biyar kacal.

Ko hakan bai wadatar ba. Umarnin 2020 bai tsaya ga sunayen da ya lissafa ba, ya haɗa da duk wadda aka samo daga jikinsu ko aka yi musu kwaskwarima. Masu duba wannan su ne ƙwararrun 'yan sandan tarayya na RCMP, waɗanda ke riƙe da kundin FRT, inda ake rubuta ajin kowace bindiga: wadda ba a taƙaita ba, wadda aka taƙaita, ko haramtacciya. Kamfanin Crusader Arms ya fitar da wata mai suna Crypto, an tsara ta da gidan harsashi mai biyar domin ta tsallake C-21, mutane suka saya, sai a 2025 kundin ya sa ta cikin dangin AR-15. Wanda ya saye ta ya wayi gari da abin da ba zai iya amfani da shi ba.

Saboda haka in dillali ya ce ka ajiye kafin alƙalami, yi masa tambaya ɗaya: "Ranka ya daɗe, mece ce lambarta a FRT, kuma wane aji aka ba ta?" In ya ce lauyan kamfani ya duba ya ga ba matsala, ka sani ra'ayin lauya ba shi ne ɗan sanda zai buɗe a bakin hanya ba. Biya a wannan hali cinikin biri a sama ne. In ma akwai lambar, nemi a rubuta maka a takardar ciniki cewa za a mayar maka da kuɗinka duka idan aji ya canza kafin kaya su iso hannunka. Duba tsawon bututun kuma: mai ɗura wa kanta, mai cin manyan harsasai, da bututunta bai kai milimita 470 ba tana faɗawa ajin taƙaitattu, lasisinta daban, kuma ba a farauta da ita. Sannan akwai matsalar da ba ta doka ba. Zubin farko na kowace sabuwar ƙira shi ne ake gano lahani a jikinsa, ga gidan harsashin da kamfani ɗaya ne kawai ke yinsa. In kamfanin ya rufe, ka rasa inda za ka sami na canji.

Wanda ya nace sai mai ɗura wa kanta, akwai tsofaffin da suka daɗe a hannun mafarauta. Browning BAR ta farauta tana kasuwa tun 1967, gidan harsashinta na asali uku ne ko huɗu, kuma ta tsallake haramcin nan uku. Tana da tsada, tana da nauyi, tana son a riƙa wanke hanyar iskar da ke juya ta, amma bugunta a kafaɗa da sauƙi. Akwai kuma SKS, tsohuwar ƙirar Tarayyar Sobiyet ta 1945, mai araha, wadda mafarauta 'yan asalin ƙasar ke amfani da ita sosai. A ƙarshen 2022 an kawo gyara a C-21 da zai haramta ta, shugabannin 'yan asalin ƙasa da mafarauta suka ƙi, aka janye gyaran a Fabrairun 2023. Har yanzu ƙungiyar PolySeSouvient, mai fafutukar tsaurara dokokin bindiga domin tunawa da kisan Polytechnique, tana neman a haramta ta. Ni ba zan ce wa sabon shiga ya sa kuɗinsa a kan abin da ake ja-in-ja a kansa haka ba, ko da arahar ta ja shi. Kuma ko wacce ka ɗauka cikin ire-irensu, doka ta tsayar da gidan harsashi a biyar.

Inda zan tura ɗan uwana shi ne wajen bindiga mai sakata, wadda kake ɗaga hannun ƙarfen, ka ja baya kwanso ya fita, ka tura gaba sabon harsashi ya shiga. Ma'aunin C-21 bai shafe ta ba, domin ba ta ɗura wa kanta. Sassanta kaɗan ne, abin da zai lalace kaɗan ne, kuma a sanyin Nuwamba na Saskacewan, lokacin da maiƙo ke daskarewa yatsu na ƙagewa cikin safar hannu, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Dakarun sa-kai na Canadian Rangers, masu sintiri a can arewa cikin ƙanƙara, sun yi shekaru kusan saba'in da Lee-Enfield mai sakata, kuma da aka tashi canza musu sai aka ba su C19, wadda aka samo daga Tikka T3 ta Finlan, ita ma mai sakata, mai cin harsashin .308. Mai ƙaramin ƙarfi ya duba Savage Axis ko Ruger American. Mai hali ya ɗauki Tikka T3x. Harsashin .308 ko .30-06 ana samunsa cikin sauƙi, kuma ya isa barewa har da ƙaton naman dajin nan da suke kira mus. Rarar kuɗin da za ka samu, sa ta a madubin saiti mai kyau da akwatin ajiya mai kulle.

Ga Musulmi akwai wani abin lura. Kana son ka ambaci sunan Allah, ka yi harbi ɗaya a bayan kafaɗa, dabba ta faɗi ba tare da ta wahala ba, in ka tarar da sauran rai ka yanka. Saurin harbi na biyu da na uku, wanda shi ne babban abin da mai ɗura wa kanta ke taƙama da shi, ba kasafai yake gyara harbin farko da ya kauce ba. Abin da ke gyara shi yawan zuwa filin gwaji ne kafin kaka.

Mai farauta a kurmi, inda nisan harbi ba ya wuce mita ɗari, yana iya duba masu hannun ja a ƙasa, wanda ake turawa ƙasa a dawo da shi sabon harsashi ya shiga, irin Marlin 336 ko na kamfanin Henry, masu cin .30-30. Gajeru ne, ba sa maƙalewa a reshe.

Wanda bai karɓi lasisi ba tukuna ma ba shi da dalilin gaggawa. Sai ya yi kwas ɗin kiyaye haɗari, ya ci jarrabawa, sannan doka ta sa mai nema na farko jiran aƙalla kwana 28, kuma bincike kan ɗauki fiye da haka. Bayan nan akwai lasisin farauta na lardin da yake zaune, da nasa kwas ɗin da nasa dokokin. Kafin ya gama waɗannan, sabuwar bindigar da ake talla ta riga ta fito, an ba ta aji a kundi, waɗanda suka fara saye sun faɗi abin da suka gani. In ta shekara biyu a kasuwa ba a taɓa ta ba, a lokacin sai ya sake duba farashinta.