Na'urar Auna Hawan Ruwa a Unguwannin Bakin Ruwan Legas: Wacce Ya Kamata a Saya?

Duk ɗan kasuwar da ya kwana biyu a Legas ya san cewa ruwan da ke shiga sito ba duka ne yake saukowa daga sama ba. Wani daga teku yake tasowa, domin teku tana cikowa sau biyu a kowace rana, da tazarar kusan awa 12 da minti 25, ta tura ruwa cikin tafkin da ake kira lagun, shi kuma ya toshe bakin magudanan gari har ruwan sama ya rasa mafita. Wani kuma kogin Ogun ne ke kawo shi, musamman a Satumba da Oktoba idan an saki ruwa daga madatsar Oyan, kuma mutanen Kara, Isheri, Agiliti da kewayen Mile 12 sun fi kowa sanin wannan. Saboda haka, kafin ƙungiyar kasuwa ko kwamitin masallaci su fitar da ko sisi, wajibi ne su tantance wane ruwa ne ke cin su, kuma awa nawa suke bukata don ɗora buhuna a kan katako ko kora shanu zuwa tudu.

Abu mafi arha shi ne sanda mai ma'auni, wato allon ƙarfe ko na roba mai lambobin santimita, wanda ake kafawa a jikin gada ko bangon kwalbati. Ba ta cin wuta, ba ta cin data, kuma ɓarawo ba ya kallonta sau biyu. Mutane suna raina ta, amma a ganina da ita ya kamata kowa ya fara, domin ko an sayi na'ura mai tsada daga baya, da sandar ake gane ko na'urar gaskiya take faɗa. Sharaɗinta shi ne a sami mutum ɗaya, mai gadi ko ladan, wanda zai riƙa karanta ta bayan Asuba da bayan La'asar yana rubutawa a littafi. A kuma shafa jan fenti a daidai lambar da ruwa ke kaiwa kafin ya tsallake dokin ƙofar shagon da ya fi kowane kwari. Rauninta a fili yake: ba ta tayar da mai barci da ƙarfe biyun dare.

Wannan giɓi ne maƙunnin ƙwallo yake cikewa. Shi ne irin wanda masu aikin famfo ke sakawa a tankin ruwa don ya kashe inji idan tanki ya cika, sai dai a nan ana haɗa shi da jiniya da ƙaramin batir. Na taɓa ganin an yi haka a bayan wani siton albasa: an tsayar da bututun roba mai huji-huji a gefen lambatu, an zura ƙwallon a ciki don kada leda da robobin ruwa su naɗe shi, aka ɗaure jiniyar a ƙarƙashin kwanon rumfa. Ana samun kayan a kasuwar Alaba ba tare da wahala ba, kuma duk mai gyaran wuta zai iya haɗawa. Sai dai ba ya gaya maka ko ruwa na hawa da sauri ko a hankali. Magana ɗaya ya sani, ita ce ruwa ya iso. Dabarar ita ce a sayi biyu, a kafa ɗaya a ƙasa don faɗakarwa, ɗaya a sama don tashi da kaya.

Daga nan sai na'urorin da ke aika lamba zuwa waya, kuma a nan ne kuɗi ya fi salwanta. Iri uku ne aka fi tallatawa. Ta farko ana rataye ta a saman ruwa, tana aika sautin da kunne ba ya ji, ta ƙirga lokacin da ya ɗauka kafin ya dawo. Ita ce mai sauƙin farashi a cikinsu, kuma tun da ba ta taɓa ruwa, laka ba ta damunta. Amma saurin sauti yana canzawa da zafin iska, don haka idan rana ta gasa ta a jikin kankare sai lissafinta ya karkace, sannan kumfa da shara da ciyawar nan mai yawo da ke rufe lagun suna ruɗa ta. Wanda zai saye ta ya tabbatar tana da ma'aunin zafi a cikinta, ya kuma yi mata inuwa.

Ta biyu ana nutsar da ita ne a ƙarƙashin ruwa, tana auna nauyin ruwan da ke kanta. Ta dace da wurin da babu gada ko wani abin ratayawa, amma ruwan Legas ba ya yi mata sauƙi. Ruwan teku ya fi ruwan daɗi nauyi da kusan kashi 2.5 cikin 100, shi kuwa lagun gishirinsa yana ƙaruwa da rani, ya ragu da damina, don haka lambar tana iya ɗan gocewa tsakanin rani da damina. Nauyin iskar sama ma yana shiga lissafin, shi ya sa ake bukatar wadda wayarta ke da siririn bututun shaƙar iska, ko wadda ke zuwa da ma'aunin iska na daban. Ga laka da ƙananan halittun ruwa da ke manne mata su toshe bakinta. Idan babu wanda zai riƙa ciro ta yana wankewa a kai a kai, gara a haƙura da ita.

Ta uku ita ce mai rada (radar), wato mai aika igiyar rediyo maimakon sauti, wadda ita ma ake ratayewa a sama, amma zafi da iska ba su cika taɓa lissafinta ba. Ita ce mafi inganci, ita ce kuma mafi tsada, kuma ta fi dacewa da ma'ajiyar kaya babba a Apapa ko Ijora, ko kasuwa guda da ta haɗa kuɗi, ba mai shago ɗaya ba.

Ko wacce aka zaɓa a cikin ukun, abin da ke kashe ta yawanci ba idon na'urar ba ne, kayan da ke kewaye da ita ne. Iskar bakin teku tana cin ƙarfe, don haka a nemi ƙusoshi da maƙalai na ƙarfen da ba ya tsatsa mai lamba 316, ba 304 ba. Akwatin da zai zauna a waje ya kasance da alamar IP67, wato lambar da ke nuna ƙarfin kariyarsa daga ƙura da ruwa, na'urar da za a nutsar kuwa IP68. A tambayi mai sayarwa kwana nawa batir zai riƙe idan hadari ya rufe sola, domin a watan Yuni da Yuli, lokacin da aka fi bukatarta, rana tana ƙaranci. A tambaye shi ko tana aika saƙon tes kai tsaye zuwa lambobi da yawa ko sai ta manhaja, ko akwai kuɗin wata-wata, ko za a iya canza layi idan sabis ya yi rauni a unguwar. Wanda ya ce zai kawo ta daga waje amma ba shi da mai gyara a Legas, a yi masa godiya a wuce.

Akwai kuma abin da babu na'urar da za ta bayar, wato sanin gobe. Sojojin ruwan Najeriya suna da jadawalin cikowa da janyewar teku, akwai kuma manhajojin waya na kyauta da ke nuna na Legas. Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen ruwan sama, hukumar lura da ruwan koguna ta ƙasa, NIHSA, kuma tana fitar da hasashen ambaliya na shekara. Mu da muke bin lissafin wata muna da sauƙi a nan, domin teku ta fi tumbatsa a kwanakin tsayuwar wata da kuma wajajen 14 zuwa 16 ga wata, kuma lokacin cikowar yana jinkirtawa da kusan minti 50 a kowace rana. Hawan da ke tsakanin cika da janyewa a Legas bai cika wuce mita ɗaya ba, amma idan ya haɗu da ruwan sama irin na ranar 10 ga Yulin 2011, ya isa ya hana kowace kwata zubar da abin da ta ɗauko. Ga mutanen gefen kogin Ogun kuwa, jadawalin teku bai kai sanarwar sakin ruwan Oyan muhimmanci ba.

Ga mai shago ko ƙaramar rumfa, sanda da maƙunnin ƙwallo guda biyu da jadawalin teku a waya sun wadatar. Kasuwar da ke da gada ko babban kwalbati a kusa za ta iya ƙara mai sauti, idan aljihu ya kai a ɗauki mai rada, a bar ta nutsarwa ga wanda ba shi da wurin ratayawa. A rubuta a jikin allo sunan wanda saƙo zai fara isa wayarsa da wanda zai buɗe sito da dare, a ƙarƙashinsu kuma a sa lambobin gaggawa na jihar Legas, 767 da 112.