Concerta ya yanke a gari, Strattera ko kulonidin za a nema wa yaro?

Maman Sadiq, na ga tambayarki, cewa yaronki ɗan shekara 9 da likita ya ɗora a kan Concerta 18, wato mai miligiram 18, saboda ADHD, matsalar rashin natsuwa da kasa maida hankali, maganinsa ya ƙare, kin zagaya Jos daga Terminus har Bukuru babu, wata ta ce ki nemi Strattera wani kuma ya ce kulonidin ya fi sauƙin samu, to wanne za ki ɗauka. Zan amsa miki a matsayina ta mai aikin famasi, amma dan Allah duk wanda aka tsaya a kansa likitan da ya rubuta na farko shi zai rubuta na biyu, ba mai kemis ba, ba ni ba.

Da farko ki kwantar da hankalinki 'yar uwa, yaron da ke shan ƙa'idar da likita ya ɗora masa idan ya yi 'yan kwanaki bai sha ba ba wani haɗari zai shiga ba. Zai iya yin kasala ko saurin fushi, cin abincinsa ya ƙaru, ƙiriniya da rashin natsuwar nan su dawo, malamai su fara ƙorafi, amma iyakarta kenan. Likitoci da kansu sukan ba wasu yara hutun maganin lokacin hutun makaranta.

Ni kafin ma a zo maganar Strattera da kulonidin abin da nake so ki fara tambaya shi ne Ritalin, domin sinadarinsu ɗaya da Concerta, wato metilfenidet, bambancin kawai yadda yake fita a jiki ne. Concerta ana sha sau ɗaya da safe ya riƙe yaro wajen awa 12, shi kuwa Ritalin na yau da kullum awa 3 zuwa 4 yake yi ya sake shi, shi ya sa ake raba shi sau biyu ko uku a yini, kuma a lissafin da aka saba Concerta 18 yana daidai da miligiram 5 na Ritalin sau uku. Kinga jikin Sadiq ya riga ya san wannan sinadarin, an san yana masa aiki, a ranar da ya sha a ranar za ki ga canji. Wahalarsa ita ce shan tsakar rana zai faɗo yana makaranta, sai an samu malama mai amana ta riƙe ta ba shi, kar a saka masa a jaka wallahi, kuma na ƙarshe kar ya kai yamma liƙis don zai hana shi barci. Abin da kuma ba a yi sam shi ne a samu Concerta 36 a ce bari a raba biyu ya zama 18. Ƙwayar tana da ɗan rami da maganin ke fita ta ciki a hankali, ruwan ciki ne ke shiga yana tura shi, shi ya sa wani lokaci ake ganin ɓawon a bayan gida, idan aka fasa ta ko aka tauna duk maganin yini guda zai shiga jiki lokaci ɗaya.

Kuma ki daina wahalar da kanki a ƙananan kemis, ba su da izinin ajiye shi. Metilfenidet yana cikin magungunan da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1971 ta sa wa takunkumi, shigo da shi sai da izinin NAFDAC, ga tsadar dala, ga shi ƙarancin ba mu kaɗai ya taɓa ba, Amurka ta sanar da ƙarancin Adderall, wani maganin ADHD ɗin, a Oktoban 2022, Ingila ma ta fitar da gargaɗin ƙarancin magungunan ADHD a Satumban 2023. Ki tambaya a famasin manyan asibitoci masu sashen ƙwaƙwalwa irin JUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, ko manyan famasi masu rajista, in kina da wani a Abuja ki tura masa hoton takardar likita ya duba can.

To idan metilfenidet ɗin gaba ɗaya babu, a rashin uwa akan yi uwar ɗaki. Strattera sunan sinadarinsa atomoksetin, tun 2002 aka amince da shi a Amurka musamman don ADHD, akwai kamfanonin Indiya da ke yin sa da wasu sunaye don haka sunan sinadarin za ki duba a kwali. Shi kulonidin asalinsa maganin hawan jini ne, irin Catapres ɗin nan, daga baya aka ga yana kwantar da yara masu yawan motsi. Strattera ya fi taɓa ɓangaren maida hankali, yaron da ake karatu hankalinsa na waje, baya gama aikin gida, kullum ya ɓatar da fensir. Kulonidin ya fi ƙarfi wajen rawar kai da saurin kai hannu da rashin barci da dare, da yaran da ke da yawan ƙifta ido ko karkaɗa wuya ba da son ransu ba, amma a maida hankali a aji gaskiya bai kai ba. Dukkansu kuma a yawancin yara basu kai metilfenidet ƙarfi ba, gara ki sani tun yanzu kar ki ce an cuce ki.

Babban abin da iyaye ke karaya a kansa shi ne lokaci. Strattera ba ya aiki a ranar, sai an sha kullum ba fashi, sati 2 zuwa 4 kafin a fara ganin wani abu, cikakken aikinsa yakan kai sati 6 ko fiye, kuma da nauyin yaro ake lissafa shi, a fara da kaɗan a ƙara. Satin farko tashin zuciya da ciwon ciki da rashin son abinci da jin barci duk suna zuwa, in aka ba shi bayan ya ci abinci yana raguwa, kuma ba a buɗe kafson saboda garin yana ƙona ido. Amma in ya zauna ya zauna, yana riƙe yaro safe da dare har lokacin Islamiyya da yamma wanda Concerta yakan fara sakinsa, kuma ba ya cikin masu takunkumi. Akwai gargaɗi biyu da ba zan ɓoye miki ba, wasu 'yan tsirarun yara sukan shiga ƙunci har da tunanin cutar da kansu a watannin farko, sannan da wuya sosai yakan taɓa hanta, don haka in kin ga halinsa ya sauya ko idonsa ya yi rawaya ko fitsari ya yi duhu a koma asibiti a ranar. In yana da asma, wanda sanyin Jos ke tayar wa yara da yawa, yana shan Ventolin na sha ko ana masa na hayaƙi a asibiti, a gaya wa likita, haka ma duk wanda zai rubuta masa maganin maleriya ya san yana kan atomoksetin.

Kulonidin shi matsalarsa barci ne da jiri da bushewar baki, yana sauke jini da bugun zuciya, dole ana aunawa. Kuma shi ne wanda ba a yanke shi kwatsam, in ya ƙare ba a shirya ba jini na iya hawa sama lokaci ɗaya, sai an rage shi a hankali, kinga a garin da magani ke yankewa wannan abin dubawa ne sosai. Ƙwayar 'yar mitsitsiya ce amma ɗaya ko biyu na iya kwantar da ƙaramin yaro a asibiti, a ɓoye ta daga ƙannensa, kuma kar a ɗauki na kaka mai hawan jini a ba shi. Ɗan uwansa Intuniv sau ɗaya ake sha a yini kuma barcinsa bai kai na kulonidin ba. Wellbutrin da wasu ke ambata, wanda asalinsa maganin ciwon damuwa ne, wannan an fi ba manya, kuma mai farfaɗiya ba ya sha.

Ra'ayina, in famasi sun ce kaya na hanya sati ɗaya ko biyu, kar a fara Strattera, kafin ya kama aiki Concerta ya dawo an wahalar da cikin yaro a banza, a nemi Ritalin ko a yi haƙuri a gaya wa malamarsa ta zaunar da shi a gaba ta riƙa rarraba masa aiki kaɗan-kaɗan. In kuwa yankewar nan ta zama kullum, wata biyu akwai wata biyu babu, ni Strattera zan roƙi likita ya duba masa, kulonidin sai in babbar damuwar rawar kai ce da rashin barci. Masu tallan Ritalin ko Adderall a Instagram babu takarda kuwa ki guje su, ba ki san me aka matse a ciki ba.

Ranar da za ki koma wajen likita ki tafi da kwalin da ya ƙare, a auna nauyinsa da hawan jininsa da bugun zuciya, ki faɗi duk wani magani da yake sha har na gargajiya, da ko akwai wanda ya taɓa samun ciwon zuciya yana ƙarami a dangi, sannan ki roƙe shi ya rubuta zaɓi na biyu a takardar yadda in wannan babu ba sai kin sake bin layi ba. Allah ya ba Sadiq lafiya.